Irin Masarar Kaka Eunice

A zango na biyu na ɗauki darasin Farfesa Whitcomb, inda ake karanta rubuce-rubucen Turawan da suka fara sauka a gaɓar tekunmu. Ba wanda ya tilasta mini. Ni na zaɓa, don ina so in ji da kunnena abin da suka faɗa a kanmu. Sunana Keturah Attaquin, 'yar ƙabilar Wampanoag, mutanen asalin ƙasar nan, daga garin Mashpee, kuma a jami'ar nan ta cikin duwatsun yammacin Massachusetts ban taɓa samun wanda ya faɗi sunan mahaifina daidai a karon farko ba.

Mun karanta wa'azin limaman coci, da dokokin garuruwa, da labaran waɗanda suka ce mutanenmu sun kama su sun shiga da su daji. Wasu rubutun na da daɗi, ba zan yi ƙarya ba. Akwai wata mata da ta yi ta kewar ƙamshin burodin garinsu na can ƙetare, na karanta har na tausaya mata, daga baya na ji haushin kaina. Amma kowane littafi muka buɗe, mu a gefen shafi muke, kamar hayaƙi a bayan itatuwa. Wani limami ma ya rubuta cewa nan gaba kaɗan ba za a ƙara jin sunanmu ba sai a sunayen koguna.

Ranar da aka karanta wannan wurin, wani ɗan ajinmu mai suna Tanner, wanda kullum ƙafarsa na kan kujerar gabansa, ya ce, "To ai mutumin ya hango gaskiya, ko? Abin tausayi ne, amma dai sun ƙare."

Na ce, "Su wa?"

"Su mutanen nan mana."

"Ni dai na karya kumallo yau da safe, har da ƙari. Ban ji alamar ƙarewa a jikina ba."

Ba wanda ya yi dariya. Tanner ya sauke ƙafarsa, kunnuwansa suka yi ja. Daga ranar aka fara yi mini ladabi, irin ladabin da ya fi zagi ciwo. In na shigo aji sai hira ta mutu. In aka zo kan wata kalma mai nauyi sai idanu su juyo kaina, a ga ko zan fashe. Brooke, wadda muke ɗaki ɗaya, da muna cin fiza tare muna gulmar samari, sai ta koma neman izini kafin ta yi magana. "Keturah, in na ce kaza, babu laifi?" Na ce mata, "Ke Brooke, ni ba 'yar sanda ba ce." Ta yi murmushin yaƙe, ta koma cin abinci a ɗakin ƙawayenta.

Abokiyar zamana ta gaskiya wata kwalba ce da ke kan tagata. Irin masarar Kaka Eunice ne a ciki, ƙananan tsaba masu tauri, wasu fari, wasu ja kamar an ɗiga musu jini. Ita ta raine ni bayan rasuwar mahaifiyata, kuma tun ina rarrafe nake ganin masarar nan a bayan gidanmu. Ta ce daga kakarta ta karɓa, ita ma daga tata. Da mantuwa ta kama Kaka, aka kai ta gidan kula da tsofaffi, aka sayar da gidan. A hutun Kirsimeti, muna kwashe kaya da Kawu Virgil, ƙanin mahaifiyata, na ga kwalbar a bayan gwangwanayen wake.

Ya ce, "Zuba wa tsuntsaye. Ya daɗe ba a shuka ba, rabinsa ya mutu."

Na ce, "Rabin fa?"

"Rabin ma in ya sake kwana a kwalba bana, shi ke nan. A ina za ki shuka? A kan gadonki?"

Shi a bene yake haya, ba shi da ƙasar da ta kai tafin hannu. Na sa kwalbar a jakata.

A watan Afrilu muka zo kan dokokin wani ƙaramin gari na Turawan farko. Farfesa Whitcomb ta karanta mana ɗaya tana dariya: duk mai kare, a lokacin shuka, dole ya ɗaure ƙafar karensa ɗaya ta gaba a wuyansa, don kada ya tone kifin da aka binne a gonar masara, in kuwa ya tone, mai karen ne zai biya ɓarna. Aji ya kwashe da dariya. Tanner ya tashi yana ɗingishi da ƙafa ɗaya yana haushi.

Ni ban yi dariya ba, don wani abu ne ya soke ni. Na ce, "Wa ya koya musu binne kifi?"

Farfesa ta ce, "Tambaya mai kyau. Masana suna ta gardama a kan..."

"Ba gardama. Kakata haka take yi. Kifi a ƙasa, masara a sama. Irin ma yana ɗakina."

Da na faɗa na yi nadama. Bayan darasi ta kira ni ofishinta. Mace ce doguwa mai furfura, mai kirki irin na wanda bai taɓa rasa komai ba. Karenta Biskit, wani ƙato mai gashi ruwan zuma, yana kwance a ƙarƙashin tebur. Ta ce ɗakin karatu zai yi baje kolin tsofaffin littattafai a ƙarshen zango, kuma babu abin da zai fi kyau kamar a ajiye masarar a akwatin gilashi kusa da littafin limamin nan. Za a rubuta sunan Kaka da manyan baƙi. Za ta ɗauke shi a matsayin aikina na ƙarshe, ba sai na yi jawabi a gaban aji ba.

Ta ce, "Za a adana shi da kyau, Keturah. Ba danshi, ba ƙwaro. Zai shekara ɗari bai lalace ba."

Na ce, "Zai tsiro bayan shekara ɗarin?"

Ta ce, "A'a. Ba zai tsiro ba."

"To Farfesa, kusa da littafin da ya ce mun ƙare kike so in kwantar da shi. Na gode. Shukawa zan yi."

Akwai lambun ɗalibai a bayan ɗakin karatu, ana ba kowa ɗan fili ya sa tumatir ko latas. Na nemi na can ƙarshe, kusa da hanyar da ke shiga daji, wanda ba mai so saboda duwatsu. Na kwashe duwatsun da hannu. Kaka ta ce ba a shuka sai ganyen itacen oak ya kai girman kunnen ɓera, saboda haka kullum in zan wuce sai na ɗaga kai. A farkon Mayu ya kai. A daidai lokacin ne kuma wani irin kifi ke hawowa daga teku zuwa koginmu na gida don yin ƙwai, har ruwa ya yi baƙi. Na kira Kawu Virgil.

"Kifi? Ke 'yar boko, ba kantin taki a garin naku?"

"Kawu, na kogi nake so."

"Wato in bar aikina, in tuƙo mota rabin yini, in kawo wa Farfesa ƙarama ruɓaɓɓen kifi. Mutane na kai wa 'ya'yansu kek a makaranta."

"Ka taho da kek ɗin ma."

"Marar kunya. Halin uwarki sak."

Ranar Asabar ya iso da akwatin ƙanƙara cike da kifi, da kek ɗin kanti da ya lotse a hanya. Ya tsaya ya dubi filin, ya dubi dogayen gine-ginen jan bulo, ya tofar da yawu. Bai taya ni ba, wai bayansa na ciwo, amma bakinsa bai huta ba: ramin ya yi kusa, tsibin ya yi ƙanƙanta, Kaka da ta gani da ta kore ni da tsintsiya. Kafin la'asar ya ce zai koma, ruwa ba ya jiran masunci. Da zai shiga mota ya dafa kaina kamar ina 'yar yarinya. Na tsaya ina kallon motar har ta sha kwana, ƙarnin gida a hannuwana.

Na binne kifi a kowane rami, na tara ƙasa tsibi-tsibi, na tura tsaba da yatsa. Ban juye kwalbar duka ba. Kaka ta sha faɗa cewa wawa ne kaɗai ke shuka gindin kwalba. Na bar abin da bai cika tafin hannu ba.

Safiyar Litinin na biyo ta lambun kafin darasi. Tun daga nesa na hango hankaki sun yi baƙi a filina. A tsakiyarsu Biskit ne, kansa cikin rami, ƙasa na tashi ta tsakanin ƙafafunsa. Ba tsibi ko ɗaya a tsaye. Kawunan kifi a warwatse, tsabar kuwa hankaki sun tsince ta tas. Can a kan hanya Farfesa Whitcomb na tafe da kofin kofi a hannu tana kira, "Biskit! Ina ka shiga, ɗan banza?"

Da ta ƙaraso ta gani, kofin ya kusa faɗuwa. "Wayyo, Keturah. Wayyo. Kullum nan nake sakinsa ya yi gudu, ban san..."

Na durƙusa ina tona ƙasa da yatsu ko zan sami ƙwaya ɗaya. Ta ce za ta nemo mini wani iri, akwai kamfanonin da ke sayar da tsofaffin iri. Na ɗago na dube ta, ta bar zancen da kanta. Ta ja karen suka tafi. Ban yi kuka a gabanta ba. Sai da na shiga banɗakin ɗakin karatu na kunna famfo.

A makon ne ake jawabin ƙarshe. Kowa ya zo da hotuna a kwamfuta. Ni na zo da littafin dokokin garin nan da igiya. Da aka kira sunana na fita, na buɗe shafin, na karanta dokar kare a hankali, kalma bayan kalma. Wannan karon ba wanda ya yi ɗingishi. Na faɗa musu abin da ya faru a lambu, da abin da ya rage a kwalba.

Na ce, "Mutanen da suka rubuta wannan sun ƙwace ƙasarmu, sun kira mu dabbobi. Amma sun san darajar kifi a rami, don sun ɗanɗana yunwa, kuma sun san a hannun wa suka koya. Ranar da muka karanta, dariya kuka yi. Cikin duk abin da muka karanta a zangon nan, wannan ce kaɗai magana da na ga tana da amfani." Na ajiye igiyar a kan teburin Farfesa. "Dokar kakanninki ce, ba tawa ba. Ƙafar gaba aka ce."

Wata ta yi 'yar dariya ta haɗiye. Farfesa Whitcomb ta ɗauki igiyar, ta juya ta a hannu. Fuskarta ta yi ja har wuya. Na ɗauka za ta kore ni, kuma na shirya.

Ta ce, "Dokar ta ce mai kare ya biya ɓarna. Da me ake biyan wannan?"

Na ce, "Ba a biya."

Ta gyaɗa kai. "To. Mai jawabi na gaba."

Washegari na tarar da naɗin waya da turaku a jingine a bakin filina, ba takarda, ba suna. Na daɗe ina kallonsu. Girman kai ya ce in bar su nan su yi tsatsa. Amma masara ba ta san girman kai ba. Na kafa shingen ni kaɗai, waya ta yayyage mini hannu. Daga ranar ban sake ganin Biskit ba igiya a wuya ba, kuma ta wata hanya suke bi.

Kawu ba zai iya dawowa ba, kifin ma ya wuce. Na tattara ragowar da kare ya bari, masu wari har suna sa hawaye, na binne su da zurfi. Na juye gindin kwalbar a tafina. Na zama wawan da Kaka ke faɗa, amma ba ni da zaɓi. Na shuka, na wanke kwalbar, na kife ta a taga.

Sai kowa ya tafi hutu. Iyayen Brooke suka zo da babbar mota, ta rungume ni da gefen jiki ta ce, "Ki riƙa turo hoton masarar, kin ji?" Ni na nemi aikin wanke kwanuka a ɗakin cin abinci, inda ake ciyar da masu zuwa taro, aka bar ni a wani ɗaki a ginin da babu kowa. In na rufe ƙofa sai ƙarar ta bi dogon baranda ta dawo mini. Akwai ranakun da ban da "sannu" da "sai gobe" ban furta komai ba.

Shinge na hana kare, ba ya hana hankaka. Kafin aiki da bayan aiki ina zaune a kan kifaffen bokiti da tsakuwa a aljihu. Don kada zaman ya kashe ni na riƙa zuwa da littafin limamin nan, wanda ya ce za mu ƙare, ina so in gama shi in tsane shi da hujja. A wani babi ya rubuta cewa ya ga matanmu suna hawa rumfa a tsakiyar gona, su wuni a zaune suna ihu wa tsuntsaye, ya ce bai taɓa ganin lalaci irin wannan ba. Na ajiye littafin a cinya. Kaka ba ta taɓa ba ni labarin rumfar nan ba, wataƙila ita ma ba ta sani ba. Mutumin nan ya raina su, amma ya gan su, kuma ta idonsa kaɗai zan iya ganinsu. Na rasa ko in gode masa ko in jefa littafin cikin ciyawa. Hankaka ya sauka a kan turke, na yi masa ihun da ya amsa a bangon ɗakin karatu. Wani mai yankan ciyawa ya juyo ya dube ni kamar mahaukaciya. Na ɗaga masa hannu.

Mako ya wuce ba komai. Na fara tunanin tsabar ta mutu tun a kwalba, na tona gefen tsibi ɗaya na ga ƙwaya ta ruɓe. Ban ci abinci ba ranar. Bayan ruwan sama mai ɗumi, sai ga wani kore siriri, a naɗe kamar allura. Daga baya wasu suka biyo. Yawanci ba su fito ba, wasu tsibin har lokacin girbi ba su ce komai ba. Waɗanda suka fito za ka ƙirga su da yatsun hannu ka rage.

Na kira Kawu. Ya ce, "Ki tabbata ba ciyawa ba ce, 'yar boko." Amma sai ya yi tari ya ce layin ba kyau.

Masara kaɗan ba ta iya yi wa kanta aure, iska na kwashe garin furen ta watsar. Da ta fitar da kai, kowace safiya sai in karkaɗe shi cikin jakar takarda in barbaɗa a kan gemun kowane goyo, kamar yadda na taɓa ganin Kaka ta yi a shekarar fari. A watan Agusta guguwa ta kwantar da su duka. Na ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, na tara musu ƙasa a gindi, ɗaya ta karye ba ta tashi ba. Na aika wa Brooke hoto sau ɗaya, ta maido da hoton zuciya, shi ke nan.

Ɗalibai suka dawo, ganye ya fara ja, masarar ta bushe a tsaye. Abin da na girba bai cika jakar makarantata ba, kuma wasu goyon duk giɓi ne kamar bakin tsohuwa. Ina cikin cire shingen Farfesa Whitcomb ta wuce da Biskit a igiya. Ta tsaya daga nesa.

"Ta yi?"

"Ta yi."

Ta buɗe baki kamar za ta roƙi wani abu, ta fasa. Na naɗe wayarta na kai mata har inda take. Karen ya shinshini takalmina.

Ƙarshen mako na hau bas zuwa gida. Kaka Eunice na zaune kusa da taga a ɗakin hutawar tsofaffi, an lulluɓe mata gwiwa da bargo, talabijin na ta surutu ba mai kallo. Na gaishe ta, ta amsa da ladabin da ake yi wa baƙo. Na zauna a ƙasa a gabanta, na zaro goyo mafi kyau na ɗora mata a cinya.

Ta daɗe tana kallonsa. Sai yatsunta suka fara aiki. Ta ɓare ɓawon baya, ta murje tsabar kai da ta gindi ta ture gefe, ta tsakiya kuwa ta tara a cikin bargo, don ta tsakiya ce iri. Ta ɗauki ja guda ɗaya ta gwada da haƙori.

Ta ce, "An sa kifi?"

"An sa, Kaka."

"Kaɗan aka sa." Ta ci gaba da murza. Can ta ɗago ta dube ni sosai. "Ke 'yar wace ce?"

Na ce, "Ni ce mai gadin tsuntsaye."

"To ki riƙa zuwa da wuri," in ji ta. "Da sassafe suke sauka."

Na ciro kwalbar daga jaka, na buɗe murfin, na riƙe mata. Ta riƙa zubawa da kaɗan-kaɗan, tsabar na ƙara a gindin gilashi.